Mafarautan Ɓarakar Burauza

Duk mai shiga intanet da waya ko kwamfuta yana damƙa wa manhaja guda wata amana da bai cika tunawa da ita ba. A taga ɗaya ya buɗe asusun bankinsa, a ta biyu akwatin wasiƙunsa na Gmail, a ta uku kuma wani shafi ne da bai san mai shi ba, adireshinsa kawai aka turo masa ta WhatsApp ya latsa. Duka ukun suna aiki lokaci guda, kuma kowanne ya shigo da nasa umarnin da yake aiwatarwa a cikin na'urar. Abin da ya hana shafi na uku leƙa sirrin na farko ita ce burauza, ko Chrome ce, ko Safari, ko Firefox, ko Opera. Akwai kuma wasu bayin Allah da sana'arsu ita ce gwada ko burauzar tana riƙe wannan amana. A ganina aikinsu yana cikin ayyukan basira mafi ƙayatarwa da wannan zamani ya haifar, kuma da wuya ka ji an yaba musu.

Dokar da suke gwadawa ta kwana biyu. Kamfanin Netscape ne ya shimfiɗa ta a tsakiyar shekarun 1990, jim kaɗan bayan Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a 1995, wato harshen da ya bai wa shafuka damar aiwatar da umarni a na'urar mai karatu. Dokar ta ce shafi ba zai karanta kayan wani shafi ba sai in asalinsu ɗaya ne. Sai dai intanet ba za ta yi aiki ba in aka raba shafuka kwata-kwata, don haka aka bar ƙofofi a buɗe. Shafi yana iya ɗauko hoto daga wani shafi ya nuna, yana iya buɗe wani shafi a ɗan firam a cikin jikinsa, yana iya aika masa tambaya. Karanta amsar ne kaɗai aka hana shi.

Abin ya yi kama da gidan haya: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma katanga ɗaya ta raba su, kuma waya ɗaya ce ta kawo musu wuta. Ba ka isa ka shiga ɗakin maƙwabcinka ba, amma in kana da lura za ka san ya jona dutsen guga daga yadda ƙwan ɗakinka ya rage haske. Mafarautan da nake magana a kansu gwanayen irin wannan lura ne. Suna yi wa burauza tambayar da aka halatta mata ta amsa, su kuma su tsamo daga amsar abin da aka haramta mata ta faɗa.

A watan Satumban 2021 kamfanin Apple ya fitar da Safari 15. Kamar takwarorinta, Safari tana barin kowane shafi ya buɗe ɗan rumbun ajiya a cikin na'ura, ta wani tsari da ake kira IndexedDB, don ya adana abin da zai buƙata nan gaba. Kowane rumbu yana da suna, kuma shafi na iya cewa burauza ta lissafo masa sunayen rumbunansa. Masu bincike na kamfanin FingerprintJS, cikinsu har da Martin Bajanik, sun yi wannan tambaya, sai ga sunayen da ba su suka raɗa ba. Ashe duk lokacin da wani shafi ya taɓa rumbunsa, Safari takan ƙirƙiri wani rumbu fanko mai irin wannan suna a sauran tagogin da ke buɗe.

Wani injiniyan da ya ga haka zai ɗaga kafaɗa ya wuce, tunda rumbun fanko ne, ko ƙwayar bayani ɗaya ba ta fita daga cikinsa ba. Su kuwa sai suka tsaya a kan sunan kansa, suka tambayi me yake ɗauke da shi. Na farko, shafuka da yawa suna amfani da sunayen da babu mai irinsu, don haka ganin sunan kaɗai ya isa a san ka shiga wannan shafi. Na biyu, kuma a nan gizo ke saƙar, shafukan Google irin su YouTube da Google Calendar da Google Keep suna cusa lambar shaidar mai asusu a cikin sunan rumbun. Wanda ya samu wannan lamba yana iya neman hoton da mai asusun ya sa a fuskar asusunsa. Ke nan shafin da ba ka taɓa gaya wa sunanka ba zai iya ganin fuskarka, ba tare da ka latsa komai ba. Da suka duba shafuka 1,000 da aka fi ziyarta, sun tarar sama da 30 suna taɓa irin wannan rumbu tun daga shafin farko. Masu iPhone da iPad kuwa ba su da mafita ta sauya burauza, domin a lokacin dokar Apple ta tilasta wa kowace burauza a na'urorin ta yi aiki da injin Safari, wato WebKit.

Ba mamaki a ce FingerprintJS ne suka gano abin. Sana'ar kamfanin ita ce bambance burauza da burauza don kama 'yan damfara, saboda haka idonsu ya saba da ƙananan alamomin da wasu ke tsallakewa. Sun kai wa masu WebKit rahoto ranar 28 ga Nuwamba, 2021. Da makonni suka shuɗe babu gyara, suka fito fili ranar 14 ga Janairu, 2022, har da shafin gwaji da kowa zai shiga ya ga ɓarakar da idonsa. Ranar 26 ga watan Apple ya fitar da iOS 15.3 da gyaran a ciki.

Wannan kuskure ne na kai tsaye, an toshe shi an wuce wurin. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu gano ɓaraka a inda babu wanda ya yi kuskure, inda komai ke aiki yadda aka tsara shi.

Ka san shuɗin rubutun da ake latsawa a shafi, wato mahaɗi, wanda yakan rikiɗe ya koma shanshanbale in ka taɓa shiga inda yake kaiwa. An yi haka ne don taimakon mai karatu. Amma shafi yana da ikon tambayar burauza launin kowane rubutu da ke jikinsa. Sai ya jera adireshi dubbai a ɓoye, na bankuna, na asibitoci, na jam'iyyu, ya tambayi launin kowanne, cikin ƙiftawar ido ya san inda ka taka. An san da wannan tun farkon shekarun 2000. A 2010 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka binciki shafuka 50,000 da aka fi shiga, suka kama 46 dumu-dumu suna wannan leƙe. A Disambar 2012 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta ɗaure wani kamfanin talla, Epic Marketplace, da sharuɗɗa, bayan ta zarge shi da bin sawun mutane ta wannan hanya har cikin shafukan da suka shafi rashin haihuwa da bashi.

David Baron na Mozilla, masu Firefox, ne ya kawo maganin a 2010, kuma maganin kansa akwai dabara: burauza ta ci gaba da nuna wa idon mutum launin gaskiya, amma in shafi ya tambaya, ta ce masa duk ba a ziyarce su ba. Aka ce an huta. Shekara guda bayan haka masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon suka nuna cewa in burauza ta ƙi faɗa, ana iya sa mutumin ya faɗa da kansa. Suka ƙera irin jarrabawar nan da ake ce maka ka kwafi haruffan da ka gani don a tabbatar kai mutum ne, sai dai kowace kalma mahaɗi ce, kuma wadda ba ka ziyarta ba launinta ya saje da bango, ba ka ganinta. Abin da ka rubuta shi ne tarihin yawonka.

Sannan Paul Stone ya zo. A lokacin ma'aikacin kamfanin Context Information Security ne na Ingila, kuma abin da ya gabatar a taron Black Hat na Las Vegas a 2013 ya cancanci a tsaya a kansa, don in ka fahimce shi ka fahimci zuciyar wannan sana'a. Makaminsa agogo ne. Burauza tana sake zana fuskar allo kusan sau 60 a daƙiƙa, kuma tana sanar da shafi duk lokacin da ta shirya yin sabon zane, don hotuna masu motsi su tafi sumul. Stone ya lura cewa wannan sanarwa ma'auni ce: in zanen ya yi nauyi, sanarwar za ta makara, kuma shafi zai iya auna jinkirin.

Da wannan ya fara farfaɗo da tsohon leƙen tarihi. Wasu burauzoji sukan zana mahaɗi da shuɗi tukuna, sannan su duba kundin tarihi, in sun tarar an ziyarta su sake zanawa. Sai ya ɗora wa rubutun inuwa mai nauyin zanawa, har ya zama zane na biyu ba ya ɓoyuwa ga agogo. Burauza ta yi shiru game da launin kamar yadda Baron ya koya mata, amma lokacin da ta ɓata ya tona asirin.

Bai tsaya nan ba. An yarda shafi ya buɗe wani shafi a firam, an kuma yarda ya ɗora masa kwalliya, kamar dusashe hoto ko sauya launi. Stone ya karanta yadda Firefox ke aiwatar da ɗaya daga cikin waɗannan matatun hoto, ya ga cewa maginanta sun yi mata 'yar gajeriyar hanya: in hoton launi ɗaya ne shimfiɗe, takan gama da wuri, in kuma cakuɗe yake, sai ta bi doguwar hanya. An yi hakan ne don sauri, kuma kowane injiniya zai yaba. Shi kuwa sai ya ɗauki ɗigo ɗaya tak daga shafin da ke cikin firam, ya mayar da shi ko baƙi ko fari, ya faɗaɗa shi ya cika fili, ya haɗa shi da wani hoto mai hargitsi ta yadda in ɗigon baƙi ne komai zai koma baƙi, in fari ne hargitsin zai fito. Ya tura sakamakon cikin matatar, ya duba agogo. Sauri na nufin baƙi, jinkiri na nufin fari. Ya matsa zuwa ɗigo na gaba.

A haka, ɗigo bayan ɗigo, yana iya sake zana abin da ke cikin shafin da aka hana shi karantawa. Da ya ga abin na cin lokaci, sai ya ƙara wata hikimar: tunda ya san siffar kowane harafi, ba sai ya karanta dukan ɗigoginsa ba, ya isa ya zaɓi 'yan kaɗan da ke bambanta wannan harafi da wancan. Babu makullin da ya karya a duk wannan aiki. Kowane mataki halal ne a dokar burauza, haɗa su ne babu wanda ya taɓa tunani.

Mozilla ta gyara matatar ta daina bin gajeriyar hanya. A 2015 wasu masu bincike na San Diego suka dawo da harin ta ƙofar da ke ƙasa da manhajar gaba ɗaya: akwai wasu lambobi ƙanana ƙwarai, dab da sifiri, waɗanda ƙwaƙwalwar kwamfuta kan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta sarrafa su, sai suka shirya lissafin yadda launin ɗigo ne zai yanke ko za a faɗa kan irin waɗannan lambobi. A 2023 wata tawaga daga jami'o'in Amurka ta sake yin haka ta hanyar yadda na'urar zana hoto ke matse bayanai don ƙara sauri, har suka karanta sunan mai asusun Wikipedia daga cikin Chrome, a wata kwamfutar cikin kimanin minti 30. Duk wata dabarar da aka yi don sauri tana barin sawu, domin saurin ya dogara ne da abin da ake sarrafawa.

Mafi girman abin da wannan tunani ya haifar shi ne Spectre, wanda aka bayyana ranar 3 ga Janairu, 2018. Mutane da dama ne suka gano shi ba tare da sanin juna ba, cikinsu akwai Jann Horn na rukunin Project Zero na Google, saurayi ɗan shekara 22 a lokacin, da Paul Kocher, tare da masu bincike na Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zamani ba ta jiran a tabbatar mata da hanya, takan yi hasashe ta fara aiki, in hasashen ya kuskure ta goge sakamakon ta koma baya. Sun nuna cewa gogewar ba ta cika ba: abin da ta taɓa a lokacin hasashen yakan rage a 'yar ma'ajiyarta ta kusa, kuma ɗauko abu daga can ya fi sauri. Agogo dai ya sake shigowa. Da umarnin JavaScript zalla, shafi na iya karanta abin da ke ma'adanar da yake zaune a ciki, har da kayan wasu shafukan in an haɗa su wuri ɗaya.

Masu burauza suka yi maza suka dusashe agogon da shafuka ke gani. Amma 'yan Graz sun riga sun nuna tun 2017 cewa shafi na iya ƙera nasa agogon, ya sa wani sashe na umarninsa ya yi ta ƙirga ba tsayawa. Dole aka koma ga gyara na asali, wato a ware wa kowane shafi nasa wurin zama daban a cikin na'ura, ta yadda ko ya leƙa babu abin da zai gani sai kayansa. Chrome 67 ta fara haka a kwamfutoci a 2018, kuma Google ya ce farashin shi ne ƙarin kashi 10 zuwa 13 cikin 100 na ma'adanar aiki, wadda masu sayar da waya ke kira RAM. Firefox ta biyo baya a ƙarshen 2021. A wayoyin Android kuwa, da tsarin ya iso a 2019, an taƙaita shi ga shafukan da mutum ke shigar da kalmar sirri, kuma ga wayoyin da RAM ɗinsu ya kai gigabait 2. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mai ƙaramar waya mai araha bai samu cikakkiyar kariyar da mai babbar kwamfuta ya samu ba.

In ka dubi waɗannan mutane za ka ga abin da ya haɗa su. Suna karanta abin da kowa ke ƙyama: dogayen takardun ƙa'idojin intanet, da dubban shafukan littafin jagorar Intel, kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda aka ce cikinsa Horn ya fara jin ƙanshin matsalar Spectre. Ba sa raina ƙaramin abu, suna ne ko launi ko jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kuma suna da haƙurin maimaita awo sau dubbai, domin na'ura tana da hayaniya, awo ɗaya ba ya tabbatar da komai, sai an tara an tace kafin alama ta fito. Bayan haka akwai aikin da ya fi gundura, wato rubuta ɗan gwajin da injiniyan da ke can wata ƙasa zai kunna ya ga ɓarakar da kansa. Rahoton da ba a iya maimaitawa ba ya motsa kowa.

Sai kuma amana, wadda ita ce ta raba su da masu kutse, tunda ilmin iri ɗaya ne. Wanda ya gano irin wannan kafa yana iya sayar da ita a asirce ga masu leƙen asiri, kuma akwai masu saye da tsada. Mafarauci na ƙwarai yakan kai wa mai manhaja, ya ba shi lokaci. Mozilla ta fara biyan lada kan haka tun 2004, dala 500 kan kowace ɓaraka mai haɗari, Google ya bi sahu a 2010, kuma Project Zero, da aka kafa a 2014, ya shahara da wa'adin kwana 90: ko an gyara ko ba a gyara ba, za a faɗa wa duniya. Horn ya sanar da kamfanonin Intel da AMD da ARM batun Spectre tun 1 ga Yuni, 2017, aka riƙe maganar wata bakwai saboda girman gyaran. Akwai masu ganin FingerprintJS sun yi gaggawa da suka tona kafin gyara ya fito. Ni ban ga laifinsu ba. Kusan mako bakwai suka jira, ɓarakar kuma mai sauƙin ganowa ce ga duk wanda ya yi tambayar da suka yi, kuma kwana 12 kacal bayan sun yi magana aka toshe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, wanda ya nuna tsagar kuwa ba shi ya tsaga ba.

Gyara na gaskiya yakan daɗe. Leƙen tarihi ta launin mahaɗi ya haura shekara 20 ana yi masa faci, sai a Afrilun 2025 Chrome 136 ta sauya tsarin daga tushe: yanzu mahaɗi ba ya sauya launi sai in daga wannan shafin da kake ciki ka taɓa latsa shi. Shafi ba zai ƙara koyon abin da bai riga ya sani ba. Ba don wasu sun nace suna dawowa da sabuwar hujja duk bayan 'yan shekaru ba, da har yau ana kan faci.

Ga matasanmu masu karatun kwamfuta, wannan fage ne da ba ya neman ɗakin gwaji mai tsada. Lambobin ginin Chromium, wato tushen Chrome, da Firefox da WebKit a buɗe suke ga kowa, kuma rahotannin tsofaffin ɓaraka da yawa ana buɗe su bayan an gyara, mutum ya karanta yadda gwanaye suka yi tunani mataki-mataki. Sharaɗin kawai shi ne ka yi gwaji a na'urarka da asusunka, abin da ka gano kuma ka kai wa masu manhajar. Ga sauranmu kuwa, duk wannan wahala ba ta amfanar mutum sai gyaran ya sauka a na'urarsa. Idan wayarka ta ce burauza tana neman sabuntawa, kada ka ɗage saboda tsimin data, ka sabunta ta a ranar.